Gidanmu ciki da falo ne, ina zan keɓe wa yarinya wurin karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗiyata tana aji shida na firamare, bana za ta zana jarrabawar shiga sakandare. Gidan haya muke, ciki da falo, yara huɗu. Da ta buɗe littafi ƙannenta sun rufe ta, ga talabijin, ga ɗauke wuta. Malaminsu ya ce a samar mata wurin karatu a gida, ni kuwa ba ni da ɗakin da zan ba ta. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta sa'a. Ki kwantar da hankalinki, lungu ɗaya ya ishe ta, in dai kullum nan za ta zauna kuma kowa a gidan ya san nata ne a lokacin karatu.

Ki zaɓi kusurwar da ta juya wa talabijin da ƙofa baya. Kada ya zama kan gado, don yaron da ya kishingiɗa da littafi barci yake kira. In akwai teburi, ki duba zamanta: gwiwar hannunta ta yi daidai da saman teburin, ƙafarta ta taka ƙasa. In kujerar ta yi mata tsawo, a sa mata bulo ta ɗora ƙafa. In babu teburi, tabarma ma ta yi, sai ta jingina da bango, a ɗora faffaɗan katako kan bulo biyu ta riƙa rubutu a kai, maimakon ta kifa ciki a ƙasa. Tsakanin idonta da littafi ya zama kamar santimita 30 zuwa 40. In kin ga tana kai littafi har hanci, ko tana ƙanƙance ido, ko yawan kukan ciwon kai, ki kai ta asibitin ido, wannan ya wuce gyaran zama.

Maganar wuta kuwa, kada ki jira a kawo. Ki saya mata fitilar sola ƙarama, a shanya ta a rana da safe, da dare ta zama tata ita kaɗai, ba ta shiga kicin ko banɗaki. In da dama take rubutu, fitilar ta zauna a hagunta don kada inuwar hannunta ta rufe abin da take rubutawa. Bahaguwa kuma a juya. Kyandir da aci-balbal ban yarda da su ba a ɗakin da ke da gidan sauro da ƙananan yara. In kuna tayar da janareta, a nisanta shi daga taga, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kuma kisa.

Sai abin da ya fi duk waɗannan wuya, kuma ke ce da shi, Hajiya: aike. A gidajenmu babbar 'ya ita ce hannun daman uwa. "Miƙo min ludayi." "Je ki sayo magi." "Karɓi yaron nan in yi salla." Kowane ɗaya minti biyu ne a wurinki, amma yarinyar da aka tayar tana tsakiyar lissafin rabawa sai ta koma farko. Aike uku a cikin rabin awa, karatun ranar ya tafi, ko da teburin zinare aka saya mata. Ki gama duk aikenki kafin ta zauna. Ki kuma yi magana da maigida, don ba zai yiwu a ce wa yarinya ta yi karatu ba alhali ana kallon ƙwallo a bayanta da murya sama. Ƙannen kuma kora ba ta hana su. Ki ba kowa takarda da fensir ko allonsa, ki ce masa shi ma lokacin karatunsa ne, ki zaunar da su a gefenki.

Wane lokaci? Ta dawo daga boko da azahar, ta tafi Islamiyya da la'asar, don haka abin da ya rage shi ne bayan magariba ko bayan asuba. Ki tsayar da ɗaya, kada ya riƙa sauyawa. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa, da ɗan hutu a tsakiya ta miƙe ta sha ruwa. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 ya samu barcin awa 9 zuwa 12, saboda haka mai tashi da asuba kada ta kai goma na dare tana gyangyaɗi a kan littafi.

Kayan karatunta ki haɗa su wuri ɗaya, a kwali ko bokiti mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ƙurar hunturu da hannun ƙanne. Fensir, abin fiƙewa, kilina, rula, duk suna ciki, don kada neman biro ya cinye minti goma. In jarrabawar shiga makarantun gwamnatin tarayya ce za ta zana, wadda NECO ke shiryawa, ki nemo mata littafin tambayoyin shekarun baya ki sa a ciki. Ranar Asabar da safe ki ajiye mata agogo ta amsa na shekara ɗaya, ran Litinin ta kai wa malaminta ya duba.