Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Curin Cakulan Ɗina Ya Ƙi Yin Tauri?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ya aiki? Na ci wani cakulan a gidan biki, an mulmula shi ƙanana kamar fura, an birkiɗa shi a wani gari mai ruwan ƙasa, da an sa a baki sai ya narke. An ce min sunansa tirafil, kuma ba a gasa shi. Na gwada sau biyu. Na farko na narka cakulan na juye masa madarar ruwa gwangwani guda, ya kwana a firij bai yi tauri ba. Na biyu na ɗora shi kan wuta kai tsaye, sai ya cure ya yi tsaki-tsaki, mai ya taso a kai. Walimar saukar 'yata a watan Afrilu take, ga zafi, wuta kuma ba ta zama a unguwarmu. Ina kuskuren yake, kuma zai yiwu kuwa? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, ya ba ta ikon aiki da shi. Zai yiwu, kuma gaskiya aka faɗa miki, babu ruwansa da gashi. Abu biyu ne suka yi miki cikas: awo da zafi. Akwai kuma na uku da ke jiran ki a gaba, wato watan da kika ambata, shi ne ma ya fi damuna.

Asalin abin daga Faransa yake. Sun ba shi sunan wani dangin naman kaza mai tsada da ke fitowa a ƙarƙashin ƙasa kusa da saiwar itatuwa, wanda in an tono shi yakan fito dunƙule-dunƙule da ƙura a jikinsa. Ɗan'uwansa na hamada shi Larabawa ke kira kam'a. Saboda haka kada ki damu in curin naki bai yi sumul ba, tun farko da haka aka san shi.

Cikinsa kaya biyu ne kacal, cakulan da kirim na madara, haɗin da masu sana'a ke kira ganash. Abin da ke sa shi tauri shi ne man koko da ke cikin cakulan ɗin. Koko nake nufi na itace, wanda ake nomawa a Ondo da Kuros Riba, ba na shan ƙosai ba. Wannan man idan ya ji sanyi sai ya daskare ya riƙe sauran kayan. In ruwa ya yi masa yawa ba zai iya riƙewa ba, ko kwana uku ya yi a firij. Gwangwani guda da kika juye ya fi ƙarfin cakulan ɗin nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, madarar ruwa ta gwangwani irin su Peak da Three Crowns ba kirim ba ce. Kirim ɗin da ake wannan aiki da shi kusan kashi ɗaya cikin uku nasa maiƙo ne, ita kuwa madarar gwangwani maiƙonta bai kai kashi 10 cikin 100 ba, mafi yawanta ruwa ne.

Awon da nake bi shi ne: baƙin cakulan giram 200, kirim mililita 100, wato biyu da ɗaya. In cakulan mai madara ne ko fari, sai ki koma uku da ɗaya, domin man kokonsu bai kai na baƙin riƙo ba. Na san kirim ba ya samuwa a ko'ina, in ma an samu da tsada. To ki yi da madarar gwangwanin, amma cokali 4 na cin abinci kawai a kan giram 200 ɗin, ki ƙara bota cokali 2 ta cike gurbin maiƙon. Man shanunmu da aka soya da albasa kada ya kusanci kwanon nan, ƙanshinsa zai danne komai. Wannan awon zai ba ki curi 20 zuwa 25.

Kuskure na biyu kuwa wuta ce. Cakulan ba ya son ganin harshen wuta ko kaɗan. Ki yayyanka shi ƙanana da wuƙa, kamar girman wake, ki zuba a busasshen kwano. Madarar da botar su za ki ɗora a tukunya, da kin ga gefen ya fara ƙananan kumfa ki sauke, kada ki bari ta tafasa. Ki juye a kan cakulan ɗin, ki rufe da faranti, ki ƙyale shi minti 2 ba tare da kin taɓa ba. Sannan ki sa cokali a tsakiya ki riƙa juyawa a hankali, ƙaramin zagaye, kina faɗaɗawa. Da farko zai yi kamar ya lalace, ruwa daban, gutsattsari daban. Ki ci gaba. Can sai ki ga tsakiyar ta yi duhu tana sheƙi, sheƙin ya riƙa bazuwa har ya kai bakin kwano. In akwai sauran gutsuren da bai narke ba, ki ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi da aka sauke daga wuta, tururi ya ƙarasa aikin.

Curewar da kika gani tana da dalili. Cakulan busasshen garin koko ne da sukari suna yawo cikin mai. Ɗigon ruwa ɗaya, ko jiƙaƙƙen cokali, yana sa sukarin ya manne da juna, kamar yadda gwangwanin sukari ke dunƙulewa in an sa masa cokalin shayi mai lema. Ruwa kaɗan ɓarna yake yi, ruwa isasshe kuwa narkar da sukarin yake yi gaba ɗaya. Shi ya sa maganin cakulan da ya cure ko ya fitar da mai shi ne ƙarin madara mai ɗumi, cokalin shayi ɗaya-ɗaya, ana juyawa daga tsakiya har ya dawo. Wanda ya ƙone har yana ƙauri ne kaɗai ba shi da gyara.

In ya haɗu, ki sa gishiri ɗan mitsitsi, ki bar shi ya huce, ki rufe, ya yi awa 2 zuwa 3 a firij. Ki ɗiba da cokalin shayi ki jera a tire. Wajen mulmulawa ki tsoma hannunki a ruwan sanyi, ki goge shi ya bushe sarai, ki yi sauri, domin ɗumin tafin hannu kaɗai yana narka shi. Sai ki birkiɗa a garin koko tsantsa da aka tankaɗe, kamar dai yadda ake wa fura da gari. Milo da Bournvita ba za su maye gurbinsa ba a nan, suna da sukari da madara, sai su jawo lema su yi danƙo kafin a kai wa baƙi. Dakakkiyar gyaɗa, soyayyen riɗi ko gurzajjiyar kwakwa da ta bushe duk suna yin kyau.

Wajen ƙanshi, girke-girken Turai da yawa suna sa giya a ciki, ruwan banila na asali ma da barasa ake jiƙa shi, don haka ki karanta jikin kwalba. Ni na fi son a jefa citta, kirfa ko ɓawon lemon zaƙi a cikin madarar tana kan wuta, a tace kafin a juye.

Yanzu ga maganar Afrilu. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da ɗumin jikin mutum, abin da ya sa yake narkewa a baki ke nan. Gusau kuwa a watan Afrilu da rana zafi yakan kai 40. Ki auna da kanki: faranti a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, mata cike, ana jiran a gama addu'a. Kafin rabin awa abin da kika sha wahala a kai ya zama kunu. Wannan nau'in na hunturu ne, Disamba da Janairu, ko na gidan da firij ba ya mutuwa. Akwai cakulan na bulo da masu shagon kayan kek ke sayarwa, wanda suke kira kamfawun, an cire man koko an sa man alayyadi ko makamancinsa. Ya fi jure zafi kuma ya fi araha, musamman a 2024 lokacin da farashin koko ya haura dala 10,000 kan tan guda. Sai dai yana barin wani maiƙo a dasashi, kuma da an haɗa shi da madara shi ma laushi yake yi. Ba zan ba ki shawarar ki jingina walima a kansa ba.

Abin da zan so ki yi shi ne na mutanen Burazil, waɗanda su ma sun san zafi. Suna kiransa birgadero, sunan da ya samo asali daga muƙamin Birgediya Eduardo Gomes, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa a 1945. In kin taɓa yin alawar madara, kin riga kin iya rabin aikin. Madara mai kauri mai zaƙi ake amfani da ita, wadda ke zuba kamar zuma, gwangwani mai kusan giram 395. Ki lura sosai a shago, domin ita daban take da madarar ruwan da kika yi amfani da ita. Ki tankaɗe garin koko cokali 4 a ciki, bota cokali 1, ki dama tun kafin ki ɗora don kada ya yi gudaji. Wuta ƙasa-ƙasa, ki riƙa tuƙawa da muciya ba tsayawa, kina kankare gindin tukunya, minti 10 zuwa 15. Alamar nuna ita ce in kin ja muciya ta tsakiya, hanyar za ta tsaya a buɗe kina ganin gindin tukunya na ɗan lokaci, in kin karkata tukunyar kuma ya zame gaba ɗaya ya bar ta fes. Tunda zafi za ki fuskanta, ki ƙara masa minti 2 bayan wannan alamar, zai fi tsayawa. Ki juye a farantin da aka shafa wa bota, ya huce sosai, ki shafa bota a tafin hannu ki mulmula. Sukarin da aka dafa ne ke riƙe shi, ba man koko ba, don haka yakan yi laushi a zafi amma ba ya malalewa, yana kuma yin kwana 2 a inuwa cikin roba mai murfi.

In kuma akwai dattawan da ba sa son zaƙi mai yawa, ki yi musu na dabino. Dabino mai laushi giram 250 bayan an cire ƙwallo, soyayyar gyaɗa giram 100, garin koko cokali 3, gishiri kaɗan. Ki buɗe kowane dabino ki duba cikinsa saboda ƙwari. In busasshe kika samu, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi minti 20, ki tsane shi sosai. Ki fara daka gyaɗar, sannan dabinon, koko a ƙarshe, a turmin da bai taɓa ganin daddawa ko barkono ba. Wannan ba ya neman wuta ba ya neman firij. Ki dai sanar da iyaye cewa da gyaɗa a ciki, akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarta.

In zuciyarki tana kan na asalin da kika ci a gidan biki, ki yi kaɗan na manyan baƙi. Ki yi shi daren jajibiri, ki jera a roba mai murfi da ke rufuwa gam, ki naɗe ta da tawul ki sa a kula da ƙanƙara, yadda ruwa ba zai taɓa shi ba. In za a fito da shi, ki bar robar a rufe minti 10 kafin ki buɗe, don raɓar ta sauka a jikin roba maimakon jikin cakulan. Ki sake birkiɗa su a garin koko, a kai wa baƙi nan take. Tun yanzu kuma ki gwada rabin awo na birgadero da tsakar rana, ki ajiye shi a daidai wurin da baƙi za su zauna, ki duba shi bayan awa 3, in ya yi laushi da yawa ki ƙara masa lokaci a kan wuta ranar walimar.