Filin Tambaya da Amsa: Sabon Mawaƙi da Garayarsa a Situdiyo

Tambaya daga wani matashi a Ƙaura Namoda: Ni ke rubuta waƙoƙina, ni ke kaɗa garaya, kuma ba ni da ubangida. Na je situdiyo an haɗa mini kiɗan fiyano, da aka ɗora garayar sai ta zama kamar tana rigima da kiɗan. Mai haɗa kiɗan ya ce a cire ta kawai. In yarda?

Amsa: Ƙanenmu, kada ka yarda. In aka cire garayar nan, me zai raba ka da sauran masu waƙar fiyano? Kai da ka fito daga ƙasar su Kassu Zurmi. Laifin na jerin aikin ne, an fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe.

Fiyanon kwamfuta sautinsa a tsaye yake kan ma'auni guda da ba ya canzawa. Garaya kuwa da kunne ake ɗaure ta daidai da muryar mai ita, kuma fata ce a jikinta. Da damina fatar takan saki, sauti ya faɗi. Da hunturu ta ɗame, ya hau. Ko sanyin na'urar ɗaki yana gusar da ita. Don haka idan ka isa, ka ajiye ta a ɗakin kamar minti 30 ta saba da iskarsa. Sannan ka buɗe manhajar auna sauti a waya, ka gwada tsirkiyoyin biyu, ka matsa ɗaurin da ke wuyanta har su zauna. A sake gwadawa kafin kowace ɗauka, domin tsirkiya na sauka ana cikin kiɗa ba ka sani ba.

Garaya za a fara ɗauka, kana jin bugun lokaci a kunne don kada ka yi sauri a amshi. Bayan ita murya, sannan a gina fiyano da bes a kanta. Makirfo ya tsaya kamar taki ɗaya da rabi daga jikinta, yana kallon inda wuya ya haɗu da fata. In ya kalli hannun da ke kaɗawa, ƙarar ƙyasta tsirkiya za ta fi sautin yawa. Idan taka tana da ƙarfen nan mai zobba a kan wuya, a yi ɗauka biyu, ɗaya da shi ɗaya babu, saboda a makirfo yakan yi kaifi ya danne murya. A kashe fanka, a rufe ƙofar da ke kallon janareta.

Sai otocun, wato na'urar da ke daidaita sautin muryar mawaƙi a kwamfuta. Yawancin waƙenmu a kan sautuka biyar suke tafiya. In aka bar na'urar a buɗe ga duka goma sha biyun fiyano, za ta riƙa jan muryarka zuwa inda ba ka nufa ba. A saita ta kan biyar ɗin naka, a rage mata sauri.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Birnin Kebbi: Ƙawayena sun ce in daina "munka" da "sunka" a waƙa, wai ba za ta shiga Kano ba. Kuma in na ɗora baiti a kan kiɗa sai kalmomin su yi wani iri.

Amsa: 'Yar'uwa, Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da irin harshen nan suka yi waƙa, kuma har gobe ana jin su a Kano da Zariya. Ki bar abinki.

Ta biyun ce matsala ta gaske. Hausa tana da karin sauti da tsawon wasali. Kukan yaro da kukar miya sauti ne ya raba su; garin Jega da garin tuwo kuwa tsawon wasali ne. Idan aka fara yin kiɗa sannan aka cusa kalmomi, sai karin waƙar ya hau inda kalma ke sauka, ko ya ja gaɓar da gajeriya ce. Mai sauraro bai san sunan abin ba, amma kunnensa zai ƙi shi. Ki juya aikin. Ki karanta baitin kamar magana ki ɗauka a waya, ki saurara sau uku ko huɗu, sannan ki bi hawa da saukarsa da murya, baki a rufe. Karin yana nan a ciki. Ki fara da amshi, shi ne mutane ke tafiya da shi gida.

Tambaya daga wani mai karatu a Yauri: Ina son in ɗauki amshin wata waƙar Ɗanƙwairo in sabunta. Ai ya zama na kowa, ko?

Amsa: Malam, bai zama ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, shi kuwa ya rasu a 1991. Ka nemi magadansa, a rubuta izini a sa hannu. Salo, wato tsarin jagora da 'yan amshi ko amon kotso, wannan ba mallakin wani mutum ɗaya ba ne, ka ɗauka. Baiti da kari kuwa da mai su.

Tunda an zo nan, duk sabon mawaƙi ya yi takarda da mai haɗa masa kiɗa tun ranar ɗauka: kuɗin da aka biya sayen kiɗan ne gaba ɗaya, ko yana da kaso? Kashi nawa? Haka mai kalangun da aka gayyato. Ana jin nauyin maganar sai waƙa ta tashi a koma ana rantsuwa. Kuma ka karɓi waƙarka a WAV, wato fayil ɗin sauti mai cikakken inganci, tare da kowane layi daban, murya daban, kiɗa daban. Kwamfutar situdiyo na iya mutuwa da aikinka a ciki.

Tambaya daga Gusau: Na gama waƙa huɗu. Ina zan sa su kuɗi ya fara shigowa?

Amsa: Kada ka sake su tare. Ɗaya ka fitar, ka ba ta wata guda ko fiye. Audiomack kana iya ɗorawa da kanka kyauta. Spotify da Apple Music sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin DistroKid ko TuneCore, kuma asusun ya zama da sunanka da imel ɗinka, ba na wani "manaja" ba. Nan ne mutane da yawa ke rasa waƙoƙinsu. Ka rubuta sunanka iri ɗaya ko'ina, in ba haka ba za a raba ka shafi biyu.

Kada ka sa rai da kuɗin intanet da wuri. YouTube na neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a raba kuɗin talla da kai, Spotify kuma ba ya biyan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba. Kuɗin farko a wajenmu daga biki da suna da liƙi yake fitowa. Saboda haka ka kai waƙar gidan rediyo, ka ba masu tura waƙa a kasuwa kyauta, ka yanko daƙiƙa 30 na amshi kana kaɗawa da hannunka ka sa a TikTok da WhatsApp. Ka kira sunanka a cikin waƙar tun daga farko, domin in ta bi Xender daga waya zuwa waya sunan fayil ɗin yakan canza, kuma mai bikin da ya ji ta yana bukatar sanin wa zai nema.