Ga Yayata ta Kano, Kan Suturarmu a Zangon Kumasi

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da yara. Kin tambaye ni ko mu Hausawan Gana mun watsar da suturar gida ne, tunda kina ganin amarenmu cikin kente. Ba mu watsar ba, Yaya. Tun farko ma tufafi na cikin abin da ya kawo mu ƙasar nan. Kakanninmu fatake ne, sukan ɗoro wa jakuna turkuɗi da saƙi da kanwa har Salaga, su koma da goro. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, sai suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Ankara, namu daga baya suka sauka Kumasi.

Kente saƙar Asantawa ce, cibiyarta Bonwire, nan kusa da mu. Maza ke saƙa shi a siririyar masaƙa irin ta masaƙanmu, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, sannan a harhaɗa. Kowane zane da sunansa. Namijin Asante yafa shi yake yi, kafaɗar dama a waje. Namijin Zango ba ya shigar nan, babbar rigarsa da hularsa suna nan daram ranar Juma'a. Mu mata ne muka karɓi kente, mu ɗinka riga da zani, mu ɗora mayafi, mu rufe jikinmu ruf.

Amma ni abin da ya fi kwanta mini shi ne saƙin Daboya, wani gari na Gwanjawa a bakin kogin Volta. Da shi ake ɗinka batakari, rigar da Nkrumah ya sa a daren samun 'yancin kai a 1957. Marinarsu ramuka ce a ƙasa, da baba da toka, kamar ta Ƙofar Mata, har warin ɗaya ne. Sai dai su zaren suke ɗaurewa wuri-wuri kafin su tsoma, inda aka ɗaure ya fito fari, in an saƙa sai ki ga shuɗi da fari suna shiga juna ba iyaka tsararra. Wallahi ban san wani yadi na kanti da ya kama ƙafarsa ba. A kan wannan saƙin nake zama da allura ina yin aska biyu da tambari, aikin da a can gida aka fi sani da maza. Nan ba mai hana ni.

Ina kuma gwada rini da goro. In an daka shi aka jiƙa, yakan ba farin zane launin ƙasa-ƙasa mai ɗan ja. In aka tsoma a baba bayan haka, sai ya koma wani duhu mai kama da kore. Hatimin da nake bugawa da shi na sassaƙen ƙwarya ne, dabarar mutanen garin Ntonso masu adinkra, wato yadin Asantawa da ake buga wa hatimi, amma zanen da na sa aka sassaƙa mini dagi ne.

Abin da ke damuna shi ne kaɗi. Tsofaffin da suka iya riƙe mazari suna ƙarewa a unguwarmu, kuma kente na bugun inji ya cika kasuwar Kejetia a kan araha, 'yan mata da yawa ba sa bambance shi da na hannu.

Don Allah in kin shiga Kurmi ki nemo mini alharini da shuni mai kyau, ki ba masu zuwa sarin goro su taho mini da su. A gaida Malam da su Inna.