Nadin Jan Ƙarfe na Huce Ruwan Tsiro: Yaya Ake Aiki da Shi?

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka, kuma na fara dafa giyar sha'ir a gida, lita 19 kowane karo. Na sayi nadin bututun jan ƙarfen nan na hucewa, wanda ake tsomawa a tukunya ruwan famfo na bi ta cikinsa, amma ruwan tsiron, wato ruwan tsiron sha'ir da aka dafa kafin a zuba yis, yana daɗewa bai huce ba, ga wani kore-kore da ya fito a jikin bututun. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, koren nan za mu fara kawarwa, domin shi ya fi damuna. Tsatsar jan ƙarfe ce, tana da guba, kuma ruwan tsiro yana da ɗan tsami da zai narkar da ita ta shige ciki. Kada nadin ya sake taɓa tukunya sai ka goge shi da ruwan kal har koren ya fita, ka ɗauraye, ya bushe ƙarau. Kada ka sa masa bilic, cin jan ƙarfe yake yi. In ya yi duhu-duhu irin na tsohon kwabo, wannan ba komai.

Jinkirin kuwa, galibi daga rashin motsi ne. Jan ƙarfe ya ninka ƙarfe marar tsatsa wajen sau 25 a saurin ɗaukar zafi, amma ruwan da ke manne da bututun kaɗai yake hucewa, na nesa yana nan da zafinsa. Riƙa ɗaga nadin kana sauke shi a hankali, ko ka juya da ludayin da aka tafasa. Taɓa tiyon da ruwa ke fita ta ciki: in ka motsa za ka ji ya ɗau zafi nan take.

Na biyu, nadin ba ya iya sauke zafi ƙasa da na ruwan famfonka. Yis ɗin da aka fi amfani da shi yana son digiri 18 zuwa 20 a ma'aunin Salsiyos, alhali a wurare irin su Tekzas ruwan famfo kan wuce haka da bazara. Fara da famfo, in zafin ruwan tsiron ya sauka kusa da 35 sai ka bi da ruwan famfon ta cikin bokitin ƙanƙara kafin ya shiga nadin.

Saurin yana da dalili. Sama da digiri 60, ruwan tsiron yana ci gaba da fitar da wani sinadari mai warin dafaffiyar masara, wanda ba ya tashi tunda tafasa ta tsaya. Ƙasa da haka kuma ƙwayoyin cuta ke samun shiga. Tsamin da ake nema a burukutu, a wannan giyar aibi ne.

Saka nadin cikin tukunya saura minti 15 ka sauke, tafasar ta kashe abin da ke jikinsa. Duba mahaɗar tiyo kada ɗanyen ruwa ya ɗiga ciki. Da zarar an zuba yis, aikin jan ƙarfe ya ƙare, kada ya sake taɓa giyar.