Fiffike Uku Da Batir Mai Saurin Ƙarewa

Ka ce tun da ka cire wa ƙaramin jirginka maras matuƙi farfela mai fiffike biyu ka sa mai uku, ya ƙara zafin nama amma batir ba ya jimawa. Ai dama haka za a yi, yaro.

Abin da ke riƙe jirgin nan a sama iskar da yake turawa ƙasa ce. Ko dai ya tura mai yawa a hankali, ko ya tura kaɗan da ƙarfin tsiya, kuma ta farkon ta fi sauƙin cin wuta. Dubi fankar silin, a natse take juyawa amma ɗaki duk ya samu iska. A lissafi, in ka ninka faɗin farfela, wutar da za ta ɗaga nauyi iri ɗaya rabi take komawa. A aikace ba ta kai haka cif, amma ribar tana nan.

Shi fiffike na uku, cikin iskar da na gabansa ya hargitsa yake bi, ga ƙarin ja da yake ɗora wa inji. Masu tseren irin waɗannan jirage na son sa don yana kama iska a kwana, su kuwa ba ruwansu da daɗewa a sama, 'yan mintuna sun sauko. Amma duba jirgin Phantom 3 na kamfanin DJI, na ɗaukar hoto: fiffike biyu ne, lambarsa 9450, wato faɗi inci 9.4, taku inci 5. Taku shi ne nisan da farfela za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce iska ba ta sulluɓewa. Babban taku na gudu ne, kuma wuta yake sha. Jirgin da aikinsa tsayawa wuri ɗaya, ƙaramin taku ya ishe shi.

Kada dai ka ji na yabi babbar farfela ka ɗaura ta a kowane inji. Duba lambar KV a jikinsa, wato juyi nawa yake yi a minti kan kowane bolt ɗaya na ƙarfin wutar batir in babu kaya. Babbar farfela inji mai ƙaramin KV take so, in ba haka ba ka ji ƙauri. Jirgi na sauka ka taɓa injin. In yatsa bai iya zama ba, kayan sun yi masa yawa.

Sauran kuma awo ne. Ɗaure inji a katako bisa sikeli, haɗa mitar wuta, ka raba giram ɗin da ya ja da wat ɗin da ya ci; farfelar da ta fi ba da giram a kowane wat ita ce ta fi sauƙin cin batir. Ka auna a daidai ƙarfin da jirgin ke tsayawa a sama, ba a ƙure ba. Kuma ka gwada kowace farfela a lokaci ɗaya, don iskar tsakar rana a watan Afrilu ba ta kai ta asuba kauri ba. Farfelar da ke rawa, ɗan salatif a fiffiken da ya fi sauƙi zai daidaita ta. Wadda bakinta ya gutsure, jefar da ita.