Fatalwa, kurwa ko aljani: me za a kira matattun da Sinawa ke ciyarwa?

Wani ɗan kasuwa mazaunin birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya aiko da tambaya. Ya ce wata rana da daddare ya ga maƙwabtansa suna ƙona takardu a bakin titi, sun ajiye shinkafa da lemo kusa da turaren tsinke, da ya tambaya aka ce masa bikin Zhongyuan ake yi. Yana son ya ba mutanen gida labari, amma ya rasa sunan da zai kira waɗanda ake yi wa hidimar: aljanu, kurwa ko fatalwa?

Malam, mu fara ajiye aljani a gefe. Daga Larabci muka aro kalmar, kuma a wurin Bahaushe aljani halitta ce daban wadda ba ta taɓa zama ɗan Adam ba. Waɗanda Sinawa ke ƙona wa takarda kuwa mutane ne da suka rayu suka mutu. Kurwa ma ba ta dace ba, domin galibi ta mai rai ake nufi, ita ake cewa maye ya kama har mutum ya kwanta ciwo, shi ya sa mai tsoron maita ke cewa "kurwata kur". Abin da ya rage shi ne fatalwa, wato mamacin da ake jin bai kwanta ba, yana yawo yana bayyana ga masu rai.

Sai dai fatalwa ba za ta ɗauki kowane mamaci ba, domin Sinawa sun kasa matattu gida biyu. Akwai wanda ya bar zuriya mai kula da kabarinsa, wannan kaka ne, kuma kiransa fatalwa cin mutunci ne ga iyalinsa. Irinsa ake girmamawa a bikin Qingming, wanda ke faɗowa wajen 4 ko 5 ga Afrilu, kuma ya zama ranar hutu a ƙasar tun 2008: iyali su tafi maƙabarta, su cire ciyawa, su share kabari, su zuba shayi ko giya, su rusuna. A nan "kakanni" ko "magabata" za ka ce.

Na biyu shi ne wanda ya mutu ba magaji, ko ya nutse a ruwa, ko ajali ya riske shi nesa da gida ba wanda ya san makwancinsa. Sun yi imani cewa a wata na bakwai na kalandarsu ta gargajiya ana buɗe ƙofar lahira, matattu su fito, kuma a ranar 15 ga watan ake yin bikin da ka gani, wanda mabiya addinin Buddha ke kira Yulanpen. Kakanni suna da gidan zuwa, a can ake ajiye musu abinci. Abin da ka gani a bakin titi rabon marasa kowa ne, ana ba su don kada yunwa ta sa su addabi unguwa, takardun kuma kuɗin kashewa ne a lahira. Waɗannan su ne fatalwowi, kuma "bikin mayunwatan fatalwowi" fassara ce da na yarda da ita. Wani abin da ya burge ni shi ne a Taiwan ba a cika ambaton su kai tsaye ba, "'yan'uwa na kirki" ake ce musu, kamar yadda Bahaushe ke kauce wa sunan aljanu ya ce "mutanen ɓoye".

Ina roƙon ka da ka guji kiran abincin nan sadaka. Idan Bahaushe ya yi wa mahaifinsa da ya rasu sadaka, mai rai ne ke cin tuwon, mamacin lada ake fatan ya isa gare shi. Basine kuwa mamacin yake nufi da shinkafar kanta, shi ya sa a Singafo da Malesiya ake barin kujerun sahun gaba babu kowa a wasannin da ake shiryawa cikin watan, domin baƙin da ba a gani su zauna. Ka ce kawai suna ajiye wa matattu abinci, mai sauraronka zai fahimci abin yadda masu shi suke nufinsa.