Girgizar ƙasa ta rushe ƙauyen kan dutse: mu zuba dekin kankare ko me za mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiyar agaji, an ɗora mana nauyin wani ƙauye can saman duwatsu da girgizar ƙasa ta rushe kusan duk gidajensa, waɗanda na dutse da laka ne. Mota ba ta kaiwa, sai alfadari. Mutane suna cikin tantuna, ga hunturu ya ƙarato. Masu ba mu kuɗi sun dage sai an yi "ginin zamani" mai dekin kankare, mutanen garin ma haka suke so, sun ce laka ce ta kashe musu 'yan'uwa. Kuɗin ko rabin gidajen ba zai yi ba. Hankalina a tashe yake: kada dusar ƙanƙara ta same su a tanti, kada kuma mu gina abin da zai sake faɗo musu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tsoronki biyu duk suna kan hanya, amma ba lokacinsu ɗaya ba. Na sanyi shi ne na yanzu.

Ku manta da gidan dindindin a wannan hunturun. Kowane iyali a yi masa ɗaki ɗaya mai ɗumi, kamar yadda aka yi a Kashmir ta Pakistan bayan girgizar 8 ga Oktoban 2005: gajeren bango na duwatsun da aka tsamo daga kango, tsayinsa kada ya wuce mita 1, a ɗora firam na katako, a rufa da kwano mai gangara sosai don ƙanƙara ta zame. Ma'aunin Sphere, wato ƙa'idojin da ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi, na murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum na wuri mai zafi ne; a wurin sanyi ana neman 4.5 zuwa 5.5, domin mutane a ciki suke wuni. Ƙasa ta fi iska janye ɗumin jiki, saboda haka shimfiɗa mai kauri a kan katako tana gaba da ƙarin bargo. Murhu kuma lallai da bututun hayaƙi da ƙofar iska, don garwashi a rufaffen tanti yana kashe mutane cikin barci. Kada ku bari a kwashe kango a zubar: azara, ƙofofi, tagogi da duwatsun kusurwa sun riga sun hau dutsen, ba sai an biya musu kuɗin alfadari ba.

Sai batun da ya fi ci mini rai, wato zaton cewa siminti shi ne tsira. Wannan magana tana bakin kowa, daga mai ba da tallafi har ɗan kwangilar da ke zuga ta don a nan ribarsa take. Girgizar 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe sama da mutum 50,000 a Turkiyya, akasarinsu a cikin benayen kankare. Girgiza ba ta tambayar da me aka yi gini. Nauyinsa take kamawa ta jijjiga, kuma iya nauyin da ke sama iya ƙarfin da zai tura bango gefe.

Ki yi lissafin da kanki. Kubik mita ɗaya na kankare kilo 2,400 ne. Dekin santimita 12 a kan ɗaki mai mita 4 sau 4 ya haura tan 4 da rabi. Rufin katako da kwano a kan wannan ɗakin 'yan ɗaruruwan kilo ne kawai. Abin da ake yi a irin waɗannan ƙauyuka idan kuɗi ya gaza, kuma zai gaza, shi ne a tayar da bangon dutse da laka yadda aka saba, sannan a ɗora masa dekin don a ce an yi na zamani. Wannan shi ne mafi munin haɗi. Bangon dutse yawanci fuska biyu ne, ta ciki da ta waje, tsakiya an cika da ɓaraguzai. Da an girgiza sai fuskokin su rabu, kusurwa ta buɗe, dekin ya sauko gaba ɗayansa a kan masu barci. Tsohon rufin ƙasa ma haka ya kashe mutane: kowace shekara ana ƙara masa yaɓe har ya kai santimita 30 ko fiye, nauyinsa ya zarce na dekin. Laifin na nauyin rufi ne da rashin ɗaurin bango, ba na lakar kanta ba.

Ko da a ce kuɗin ya isa, kankaren da za a zuba a can ba zai zama kankaren da ke kan takardar zane ba. Alfadari buhu biyu zai ɗauka, idan ya yi ƙoƙari. Simintin zai sha raɓa a hanya ya dunƙule. Yashin rafi da tabo a cikinsa. Magini, ganin buhu ya yi tsada, zai miƙe kwaɓin ya ƙara ruwa. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, siminti da ƙyar yake kamawa, idan kuwa ɗanyen kankare ya daskare a darensa na farko yana iya rasa kusan rabin ƙarfinsa har abada, alhali a ido lafiyarsa lau. Wa zai riƙa ba shi ruwa kwana 7 a garin da ruwan sha ma ɗaukowa ake yi? Wa zai duba an lanƙwasa bakin ringin rodi ya koma ciki, ba a bar shi a buɗe ba?

Abin da ke riƙe gidan dutse ɗamara ce: ɗauri a kwance wanda ya zagaye ginin duka ba yankewa, a saman harsashi, a kan linta, da kuma ƙarƙashin rufi. Idan na kankare ne, kaurin santimita 7.5 ya wadatar, da rodi biyu masu milimita 12, ringi kowane santimita 15. Simintin da za ku saya ke nan, ɗan kaɗan, a zuba shi lokacin ɗumi. Idan akwai katako, dogaye biyu a jere da gajeru a gicciye kowane rabin mita, a haɗe su da kyau a kusurwa, domin a nan ɗamara ke tsinkewa. A sa dogon dutse mai ratsa kaurin bango daga fuska zuwa fuska kowane mita 1.2 a tsawo da santimita 60 a tsaye. Kaurin bango ya tsaya tsakanin santimita 35 da 45, ɗaki kada ya wuce mita 4.5, ƙofa da taga su nisanci kusurwa da aƙalla santimita 60, hawa ɗaya kawai. Alwatikan bangon da ke ƙarƙashin rufi a yi shi da katako ko kwano, don shi ke fara faɗowa. Rufin kuma a ɗaure shi da ɗamarar sama, ba a ajiye shi kawai ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A Kashmir, gidajen gargajiya masu katako a cikin bango sun tsaya inda wasu na siminti suka zube, amma hukumar sake gini ta ERRA ba ta amince da su a farko ba, sai daga baya. A Nepal, girgizar 25 ga Afrilun 2015 ta kashe kusan mutum 9,000, amma sai a Disamba aka kafa hukumar sake gini, mutane suka ci damina da hunturu a ƙarƙashin kwano suna jiran jami'i. Tallafin rupi 300,000 kashi uku aka biya shi, kashi na biyu da na uku sai an zo an duba ginin, lamarin da ya sa da yawa suka gina ƙanƙanin ɗaki ɗaya don cika sharaɗi, suka ci gaba da kwana a tsagaggen gidansu. Saboda haka tun yanzu ku samu tsarin ginin da hukuma ta yarda da shi a rubuce, ku taimaka wa iyalai da takardun fili, musamman zawarawa, kada ginin ku ya jawo a hana su tallafi.

Kuɗinku ya tafi wajen horar da maginan garin, sayen waya, ƙusa, kwano da rodi, da biyan injiniya ɗaya da zai zauna a can yana duba kowace ɗamara kafin a rufe ta. Ku gina gida ɗaya na gwaji a tsakiyar gari, a bar gefe ɗaya ba yaɓe don kowa ya ga cikin bangon. Kafin a haƙa harsashi ko ɗaya, masanin ƙasa ya hau gangaren da ke saman ƙauyen ya duba tsaga: girgiza tana sassauta dutse, ruwan sama na farko kuma shi ke zaftaro shi.